Idan inji ya mutu a hanya: tsakanin Burusel da Tawa

Duk ɗan Nijar da ya zauna a Burusel, babban birnin Beljiyam, ya san titin Heyvaert, inda ake tara tsofaffin motoci kafin a kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp, daga can kuma su nufi Kwatano ko Lome, wasunsu su ƙarasa Yamai da Tawa. Tun watan Janairun 2018 birnin ya fara hana tsofaffin motocin gazuwal yawo a cikinsa saboda hayaƙi, kuma aka sanya tarar Yuro 350 a kan duk wanda kyamara ta ɗauki lambarsa yana karya dokar, saboda haka ƙananan bas-bas da motocin kaya da dama waɗanda suke da sauran ƙarfi suka kama hanyar Afirka. Zamana a nan ya sa na ga irin wannan mota a hannun masu ita na farko, bayan na daɗe da saninta a tashoshinmu, kuma babu inda bambancin ƙasashen biyu ya fi fitowa fili kamar sa'ar da inji ya mutu ana tsakiyar tafiya. A ganina direbobinmu da kanikawanmu sun fi na nan iya gano ciwon tsohon inji nesa ba kusa ba, amma muna zubar da wannan fifiko da hannunmu, domin gyaran da aka yi don a lallaɓa a isa gari shi muke bari ya zauna har sai ya haifi wata ɓarna.

A Beljiyam, idan mota ta tsaya, direba ba ya ko tunanin leƙa inji. Yana saka riga mai ƙyalli, ya ajiye alamar nan mai kusurwa uku a bayan motar, mita 30 a hanyar gari, mita 100 a babbar hanya, kamar yadda doka ta ce, sannan ya tsallake shingen ƙarfe ya kira masu agaji. Wanda ya zo kuwa yakan fara da jona ƴar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, domin tun farkon shekarun 2000 ake tilasta wa motocin Turai su zo da wannan kafa. Idan kwamfuta ba ta faɗi abin da za a iya gyarawa nan take ba, janwe ce za ta ɗauki motar. Tsari ne mai tsare rai, ba na raina shi. Sai dai kwamfuta tana nuna ɓangaren da ya yi ƙorafi ne kawai, ba lallai ta nuna tushen ciwon ba, shi ya sa a gareji ake yawan canza kaya ɗaya bayan ɗaya, kuɗin aikin hannu kuma ya yi ta hawa har mai motar ya ga gara ya sayar da ita.

Tsakanin Tsarnawa da Tawa babu wanda zai zo da kwamfuta, kuma tsohuwar bas ɗin Toyota Hiace ta shekarun 1990, mai injin gazuwal samfurin 2L ko 3L ko 5L, ba ta da abin da za ta faɗa wa kwamfutar ma. Abin da ƙwararren direba ke da shi shi ne tambaya guda da yake fara yi wa kansa kafin ya taɓa sifana: ta yaya injin ya mutu? Wannan tambaya ita ce rabin gyara, kuma ban taɓa jin wani direba a nan ya yi ta ba.

Idan inji ya ɗauke farat ɗaya, kamar an hura fitila, to a nemi wuta. A injin gazuwal irin na da, waya ɗaya tak ce ke kai wuta ga ɗan abin da ke buɗe wa mai hanya a jikin famfon inji, kuma idan gargadar hanya ta sassauta ta ko fiyus ya ƙone, injin zai mutu tamkar an murɗa makulli. Ana gane wannan da kunne, domin idan aka murɗa makulli aka saurara, lafiyayye yana yin ƴar ƙara sau ɗaya. A injin fetur kuwa ana cire wayar buji a duba ko tartsatsi yana fita. Idan kuma inji ya fara rawa ne, ƙarfinsa yana raguwa, musamman a hawa, ana taka totur ba ya amsawa, har ya shaƙe a hankali, to mai ne ba ya isa: ko filta ta toshe, ko ruwa ya taru a gindinta, ko tsohon tiyo ya tsage yana jan iska, ko kuma hujin numfashin murfin tanki ya cushe da ƙura, wanda ake ganewa idan aka buɗe murfin aka ji iska ta faɗa ciki da ƙarfi. Akwai kuma wanda ke mutuwa idan ya ɗauki zafi, ya tashi da kansa bayan ya huce, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar, wato yankin Tawa, ke wuce digiri 40, wannan ya fi addabar motocin fetur, domin man yana iya zama tururi a cikin bututu kafin ya kai kafireto.

Na ga an bi wannan tsari daki-daki a wata tafiya, jim kaɗan bayan mun bar Badagishiri. Motar ta yi ta shiɗewa a wani ɗan hawa har ta tsaya, direba ya gangara da ita gefe, ya sauke mutanen gaba tun da injin a ƙarƙashin kujerarsu yake. Wani dattijo da ke gaggawar riskar jana'iza ya ce: "Direba, mu sauka mu tura ta mana." Shi kuwa ya amsa da ladabi: "Ku yi haƙuri Baba, ku samu inuwa ku zauna. Batir lafiya lau yake, mai ne ba ya isowa." Ya danna ɗan famfon hannu da ke kan filta, ya ji shi sakwaf babu tauri, ya kwance gindinta ya tara da gwangwanin tumatir, sai ga ruwa mai launin ƙasa yana fita kafin gazuwal ya biyo baya. Daga nan ya bi tiyo da yatsa har ya samu inda ya jiƙe, ya yanke wurin da ya tsage da wuƙa, ya mayar ya ɗaure. Ya ce wa yaron mota: "Kai, miƙo mini sifana mai lamba 17, ka hau ka riƙa ba ta makulli." Ya sassauta noti a kan bututun da ke shiga kan inji, kumfa ta yi ta fita har mai ya zo tsantsa, ya ɗaure, injin ya yi tari ya kama. Bai canza komai ba, bai kuma taɓa abin da ba shi da laifi ba.

Shawarar dattijon nan ita ce shawarar kowane taron fasinjoji a ƙasarmu, kuma ita ce mafi haɗari. Turi yana maganin abu biyu ne kacal, wato batir da ya yi sanyi ko na'urar tada inji da ta ƙi juyawa. Waɗannan injuna na Toyota suna da bel na roba da ke daidaita motsin bawul da na fistin, wanda kamfanin ya ce a canza shi a kilomita 100,000. Idan ya tsinke ko ya tsallake haƙora, inji yana mutuwa nan take, kuma idan aka ba shi makulli sai a ji yana juyawa da wani sauti da ba nasa ba ko ya cije. Duk wanda ya sa majiya ƙarfi suka tura motar a giya a wannan hali, yana iya mayar da gyaran yini guda ya zama sayen kan inji. Haka nan idan fitilar baƙin mai ta kama kafin inji ya mutu, ko allurar zafi ta kai ja, kada a tura shi, a bar shi ya huce a duba. Buɗe murfin lagireto yana tafasa ya ƙona fuskokin yaran mota da yawa, sheƙa masa ruwan sanyi kuma yana lanƙwasa ƙarfe.

Inda na fi samun saɓani da ƴan uwana direbobi shi ne abin da ke biyo bayan an isa gari. Dabarun da ake yi a daji duk na san amfaninsu. Ana ajiye bido kusa da direba a zura tiyo kai tsaye zuwa famfo idan bututun tanki ya toshe, ana naɗa zaren waya a gurbin fiyus, ana zare cikin ɗan abin nan na jikin famfo mai buɗe wa mai hanya ko tsayar da shi idan ya lalace, ana kuma cire ɗan bawul mai daidaita zafin ruwa a jefar. Kowace daga cikinsu tana iya fitar da mata da yara daga rana, kuma wanda ya san halin da wasu hanyoyinmu ke ciki a ƴan shekarun nan ba zai so dare ya riske shi a daji ba. Amma bidon nan yana nufin mai yana shiga famfo ba tare da an tace shi ba, kuma yashi ƙalilan ya isa ya cinye famfon da ya fi komai tsada a jikin injin. Wayar da ta maye fiyus ba za ta tsinke ba idan wuta ta haɗu, sai dai wayoyin mota su kama. Injin da aka zare wa abin tsayar da mai ba ya mutuwa da makulli, sai an shaƙe shi da giya, kuma ranar da aka buƙaci kashe shi cikin gaggawa ba zai mutu ba. Duk da haka za ka tarar da mota ta yi watanni tana lodi a haka, mai ita yana cewa ai tana tafiya.

A nan ne nake ganin Beljiyam ta fi mu, ba a kwamfuta ba. Tsohuwar mota irin wannan tana zuwa binciken lafiya duk shekara, ana canza filta da bel bisa lissafin kilomita tun kafin su nuna gajiya, shi ya sa mutum zai daɗe bai ga mota a tsaye a gefen hanya ba. Na san amsar da za a ba ni, cewa mai mota a Tawa kullum cikin lissafin kuɗin mai da na tasha da na shingaye yake, kuma gaskiya ne. Na kuma yarda cewa filtar da ke shekara a nan ba za ta yi rabin haka ba a ƙurar hunturu da man kwalba na bakin hanya, wanda ba a san tulun da ya kwana a ciki ba. To amma wannan hujja ce ta a riƙa canza ta da wuri, tun da kuɗinta bai kai na kujerun fasinja kaɗan ba. Ko batun alama ma abin dubawa ne: ganyen da muke karyowa mu jera a kan kwalta yana aiki da rana, amma da dare direban tirela ba ya ganinsa sai ya zo kansa, kuma sau da yawa ana tashi a bar duwatsun da aka tokare taya da su a tsakiyar hanya.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne motocin da ke shigowa yanzu ba irin na da ba ne. Hiace da aka ƙera daga 2004 zuwa sama sau da yawa tana da injin gazuwal da kwamfuta ke sarrafawa, wanda matsin mai a bututunsa ke wuce bar 1,000 a ma'aunin matsi. A irinsa, sassauta noti don fitar da iska kamar yadda direbanmu ya yi yana iya sa mai ya huda fatar hannu, kuma ruwan da tsohon famfo zai haɗiye ya wuce shi ne zai lalata masa kaya masu tsadar gaske. Tambayar yadda inji ya mutu tana nan da amfaninta, sai dai bakanike zai buƙaci ƴar na'urar karanta ciwo a gefenta, kuma farashinta a yau bai fi ƙarfin garejin da ke da ciniki ba. Da shugabannin direbobi a tashoshin Tawa da Yamai za su sa ido a ga kowace mota tana ɗauke da filta ta ajiya, da bel, da fiyus, da ɗan guntun tiyo, da alamar tsayawa kafin a ba ta layin lodi, kuma a hana wadda ke shan mai daga bido ɗaukar fasinja sai an gyara mata tanki, da ba sai an jira jandarmomi ko wata sabuwar doka ba.