Kafin a ci direba tara, an faɗa masa dokar wurin?

Duk lokacin da wani ya yi ƙorafi cewa an manna masa takardar tara a gilashin mota alhali bai ga wata alama ba, amsar da ake jefa masa ɗaya ce: rashin sanin doka ba hujja ba ne. Maganar gaskiya ce, amma ba nan ne muhallinta ba. Kowane direba ya san ba a wuce jar danja, domin doka ce da ta shafi kowane titi. Amma cewa a wannan layin ba a fakin daga ƙarfe takwas zuwa shida, a layin bayansa kuma awa biyu kyauta ne, wannan babu inda mutum zai sani sai a jikin allon da aka kafa. Idan allon ya koɗe, ko reshen bishiya ya rufe shi, ko an rubuta sharaɗin da ƙananan haruffa can sama inda sai an ɗaga wuya, to ba a sanar da direba komai ba, kuma wanda ya kafa allon shi ne ya gaza.

Kotunan Birtaniya sun daɗe da tsayawa a kan wannan. A farkon shekarun 1970, a shari'ar Thornton da kamfanin Shoe Lane Parking, kamfanin ya so ya kauce wa alhakin raunin da direba ya ji ta hanyar fakewa da wani sharaɗi da ya liƙa a cikin garejinsa, inda direba ba zai gani ba sai bayan na'ura ta riga ta ba shi tikiti. Alƙali Lord Denning ya ƙi yarda. A ganinsa sharaɗi mai tsanani irin wannan sai an nuna shi ƙarara kafin mutum ya shiga, har ya ce kamata ya yi a buga shi da jan tawada, a zana jan hannu yana nuna shi.

Masu wuraren fakin sun fi son ambato shari'ar Beavis ta 2015, wadda direba ya sha kaye. Barry Beavis ya zarce awa biyun da aka ba shi kyauta a wani wurin ajiye motoci a Chelmsford da kusan awa guda, kamfanin ParkingEye mai kula da wurin ya caje shi fam 85, Kotun Ƙoli kuma ta ce ya biya. Sai dai daga cikin abin da kotun ta dogara da shi akwai cewa allunan suna da yawa, manya ne, ana karanta su ba wahala, kuɗin kuma an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Hukuncin da ya ba kamfanoni damar caji shi ne kuma ya ɗora musu nauyin bayyanawa. Kamfanin da allonsa bai kai wannan matsayi ba bai kamata ya riƙa ɗaga sunan Beavis ba.

Matsalar biyan kuɗi ta fi ta allo ciwo, domin a nan direban ya san ana biya, ya kuma so ya biya. Na'urorin da ke karɓar sulalla da katin banki suna ta ɓacewa, wasu saboda an rufe tsohon layin sadarwar waya na 3G da suke aiki da shi kuma ba a son kashe kuɗin sabunta su. Abin da ya maye gurbinsu manhajar waya ce, kuma kowane wuri da irin tasa. Sai ka sauke ta, ka yi rajista, ka shigar da lambar mota da ta kati, duk a ƙarƙashin bene inda babu sabis. Dattijon da wayarsa ta kira ce kawai fa? A 2023 minista Michael Gove ya rubuta wa ƙananan hukumomin Ingila yana gargaɗinsu kada su tilasta wa mutane biya ta waya kaɗai. Ga kuma 'yan damfara da ke liƙa lambar QR ta bogi a jikin na'urori, wanda ya biya ta nan ya yi asarar kuɗinsa, tara kuma na jiransa.

A garin Derby na Ingila wani kamfanin fakin ya nemi wata mata ta biya sama da fam 1,900 saboda a lokuta da dama ta wuce minti biyar ɗin da ya ba direba ya biya kafin biyan ya shiga, ga rashin sabis a wurin, duk da cewa ta biya kuɗin fakin ɗin. Sai da maganar ta fita a kafafen labarai aka janye, a farkon 2025 kuma ƙungiyoyin kamfanonin suka sassauta wannan ƙa'ida ta minti biyar a wuraren da kyamara ke gadi. Abin tambaya shi ne mutum nawa suka biya shiru kafin nan.

Shirun ma tsara shi aka yi. A Ingila, wanda ya biya tarar ƙaramar hukuma cikin kwana 14 rabi zai biya. Wanda ya kai ƙararsa har gaban mai yanke hukunci mai zaman kansa ya faɗi, zai biya duka. Ana kiran wannan rangwame, ni kuwa ina ganinsa a matsayin farashin da aka sa wa neman haƙƙi. Mai gaskiya da albashinsa bai kai ya kawo ba zai zaɓi ya biya rabi ya huta, hukuma kuma ta ƙirga shi cikin waɗanda suka amsa laifi, allon da ya koɗe ya ci gaba da kama na baya.

Na san akwai direbobin da ke ganin allo sarai su kau da kai, in an kama su su ce ba su gani ba. Laifi tudu ne. Amma maganin maƙaryaci hujja ce, kuma hukuma ce ta fi kowa iya kawo ta: hoton allon a ranar, da bayanin ko na'urar tana aiki a wannan awar. Idan ta kasa kawowa, a soke tarar.

Shi kuma direba, kada ya bar wurin sai ya ɗauki hoton allon daga inda motarsa take, da na mashigar wurin, da fuskar na'urar da ta ƙi karɓar kuɗi, da saƙon da manhajar ta nuna tare da lokacinsa. Ya rubuta ƙorafinsa a takaice, ba zagi ba dogon labari, ya aika kafin wa'adin rangwamen ya cika, domin hukumomi da yawa sukan sake ba da wa'adin idan sun ƙi ƙorafin da ya zo da wuri. Kada kuma ya fara biya da niyyar yin ƙorafi daga baya, don a mafi yawan wurare da zarar an biya an rufe fayil.