Yadda Na Kurumce A Yawon Beethoven

Da ɗan yayata ya ce ya yankar mini tikitin yawon Beethoven, wato zagayen wuraren tarihin shahararren makaɗin nan na Turai, a Viyana babban birnin ƙasar Ostiriya, abin da ya zo mini a rai shi ne irin zagayen da ake yi da baƙo a gidan sarauta: a nuna maka zaure, a nuna maka soro, ka ce masha Allah, a koma a ci abinci. Saboda haka na ciro sabon takalmina sau-ciki, wanda ban taɓa taka ƙasa da shi ba.

"Kawu, wannan za ka sa?"

"Me ya same shi?"

"Babu komai. Allah ya kiyaye hanya."

Ka ji yaran yanzu. Ya ga rami a gabana, ya bi ni da addu'a.

Ga yadda abin yake. Ana haɗuwa da ƙarfe goma na safe a wuri guda, mu dai kusa da kasuwar Naschmarkt muka taru, mu ashirin. Tafiyar ƙasa ce ta wajen awa biyu da rabi a cikin tsohon gari. Akwai wadda ake biya tun kafin a zo, akwai kuma wadda ake kira ta kyauta, amma kyautar ta baki ce, don a ƙarshe ɗan jagora zai tsaya yana murmushi har sai ka sa hannu a aljihu. A Ostiriya kuma ba a wayar gari kawai mutum ya ce shi ɗan jagora ne. Sai ya yi karatu, ya ci jarrabawa, an ba shi lasisi. Tamu wata dattijuwa ce mai jar lema, da takalmin roba irin na 'yan gudu. Na kalli ƙafarta, na kalli ƙafafun sauran mutum goma sha tara. Ni kaɗai ne na yi shigar ɗaurin aure.

Ta raba mana wata 'yar rediyo mai girman sabulu, da igiyar ratayawa a wuya da abin sa wa a kunne ɗaya. Maɓallanta iri biyu ne, na ƙara sauti da na canza tasha. Ta karɓi yuro 20 a hannun kowa a matsayin jingina, sannan ta yi mana gargaɗi uku: tasharmu ta 4 ce, kada wanda ya taɓa ta, kada a yi nisa da ita, don ginin dutse na cinye murya da zarar an sha kwana, wanda ya ɓace ya tsaya inda yake ya kira lambar da ke bayan rediyon. Na gyaɗa kai irin na wanda ya taɓa zuwa sau uku.

Minti biyar da farawa na gane matsalar. Shi wannan bawan Allah, da aka haifa a Bon ta ƙasar Jamus a 1770, ya zo Viyana a 1792 don ya yi karatun kiɗa a wurin wani babban makaɗi mai suna Haydn, kuma daga nan har rasuwarsa ranar 26 ga Maris 1827 ya canza gida fiye da sau 60. Ashe ba gidan mutum za a nuna mana ba, sawun ɗan haya za mu bi. Ni kuwa ina da 'yan haya uku a gida, don haka na kasa kunne sosai. An ce yakan buga fiyano a lokacin da mutane ke barci. An ce idan aiki ya yi masa zafi yakan kwara wa kansa ruwa a tsakiyar ɗaki, ruwan ya bi katako ya ɗiga wa na ƙasa. Ga faɗa da masu aiki, ga faɗa da masu gida, ga tashi zuwa ƙauye duk lokacin zafi. Turawan da muke tare suna ta cewa kai, baiwa, baiwa. Ni tausayin masu gidan nake ji. Da a wurina yake, ko da simfoni ɗari ya rubuta, wato dogon kiɗan da taron makaɗa ke bugawa, notis zai tarar a ƙarƙashin ƙofa.

Zangon farko shi ne gidan wasan Theater an der Wien, inda ya taɓa zama a ciki ma, wajen 1803 zuwa 1804. A nan aka fara nuna wasansa Fidelio a Nuwamban 1805, daidai lokacin da sojojin Napoleon, mai mulkin Faransa, suka shigo garin, manyan gari sun gudu, kujeru suka koma hannun hafsoshin Faransa. A nan kuma ya yi shahararren taron kiɗansa na 22 ga Disamba 1808, inda aka fara jin simfoni ta 5 da ta 6 a dare ɗaya: awa huɗu cur, cikin hunturu, zauren babu ɗumi, makaɗan ba su sami isasshen gwaji ba, har a yanki na ƙarshe suka rikice sai da aka tsaya aka sake daga farko. Na ji daɗin wannan labarin. Ashe wahalar da masoya al'adarsa ce tun yana raye.

Daga nan muka miƙa bayan gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, ta tsayar da mu gaban otal ɗin Sacher, inda mutane ke layin cin kek. Ta ce mu dubi wurin nan da kyau, nan ne aka fara buga simfoni ta 9 ranar 7 ga Mayu 1824, lokacin kunnensa ya riga ya tafi, har aka ce sai da wata mawaƙiya ta juyo da shi ya ga ana tafa masa. Na duba da kyau, ban ga komai ba sai kek. Ashe gidan wasan an rushe shi tun 1870. Rabin wannan yawo haka yake, kallon abin da babu. Gidan da ya rasu a ciki ma an rushe. Abin da za ka riƙa nema shi ne ɗan allo a jikin bango, da 'yan tutoci ja da fari a kansa. Ita ce alamar da birnin ke sa wa wuraren tarihi.

Taku kaɗan muka isa fadar Lobkowitz, inda aka fara gwada simfoni ta 3 a 1804, wadda ya yi niyyar sadaukar wa Napoleon, da ya ji mutumin ya naɗa kansa sarkin sarakuna sai ya kankare sunan. Nan na fahimci Beethoven fiye da sauran, don makaɗin fada ne mai taurin kai. A 1809 manyan gari uku, Rudolph ɗan gidan sarauta da Lobkowitz da Kinsky, suka yanka masa kuɗi 4,000 na lokacin duk shekara, sharaɗin kawai kada ya bar Viyana. Mu ma mun san wannan ciniki.

A daidai nan takalmina ya fara nasa kiɗan. Titunan tsohon gari daɓen dutse ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tafin sau-ciki kuwa santsi ne da shi kuma ba ya lanƙwasa, saboda haka kowane taku dunduniya na gogar fata. Safata kuma siririya ce ta kwalliya. Kafin mu kai titin Graben bororo biyu sun tashi, na dama ya fashe. Na raɓe jikin wani kanti na cire takalmin, na naɗe tishu na cusa. Wallahi bai fi minti biyu ba. Ina ɗagowa, muryar dattijuwar ta fara yankewa, sai shiii, kamar ana neman tasha da asuba.

Gargaɗi uku ta yi mana, na karya su a jere. Na riga na yi nisa. Ban tsaya inda nake ba. Sai na ce bari in ƙara sauti, babban yatsana ya sauka kan ɗaya maɓallin. Na danna, na danna, can sai ga muryar mace tar a kunnena, ga kuma jar lema tana shiga wani lungu bayan babbar majami'ar Stephansdom. Na ce alhamdu lillahi, na bi da ɗingishi.

Na yi kusan minti ashirin ina gyaɗa kai. Na ji an ce yaron tun yana ɗan shekara biyar yake tsara kiɗa, na ce ikon Allah. Na ji an ce yana son wasan biliya da kayan ado, na ce to, ɗan haya mai son banza. Sai da muka tsaya a Domgasse lamba 5 ta ce ya zauna nan daga 1784 zuwa 1787, ya rasu yana da shekara 35, lissafi ya ƙi fita. Ni ɗan kasuwa ne, 1770 zuwa 1827 ba ta ba da 35. Na ɗaga hannu.

"Madam, a yi haƙuri. Ɗazu kin ce kurma ne, kuma ya haura hamsin."

Lema ta juyo. Yarinya ce da ba ta kai sa'ar 'yata ba.

"Yallaɓai, wa kake nema?"

"Beethoven."

"Nan Mozart ne."

Mutum talatin suka juyo suna kallona kamar wanda ya shiga gidan biki ya yi ta'aziyya. Na ce musu Allah ya ji ƙan duka biyun, na ja ƙafata.

A dandalin majami'ar akwai samari masu farin gashin kanti da doguwar kwat, shigar zamanin Mozart, shi ma wani shahararren makaɗin ne daban, suna tallar tikitin kiɗan dare. Na tambayi ɗaya hanyar gidan Beethoven, ya ce wanne daga ciki, sannan ya yi ƙoƙarin sayar mini da kujera. Allah ya sa na tuna dattijuwar ta ce zangon ƙarshe Mölker Bastei ne, lamba 8. Tafiyar kwata ce ga mai ƙafa: Graben, Freyung, sai a hau wani tudu daura da jami'a, ragowar tsohuwar ganuwar gari. Ni na yi ta a rabin awa.

Gidan Pasqualati ke nan, inda ya yi ta shiga da fita tsakanin 1804 da 1815, don mai gidan ya riƙa ajiye masa wurin ko ya tashi. Wannan mai gida dai waliyyi ne. Ban ga kowa a ƙofa ba, na ce sun hau. An rubuta hawa na huɗu. Abin da ba a rubuta ba shi ne a ƙasar nan ba a ƙirga na ƙasa, huɗunsu biyar ɗinmu ce. Babu lif, matakala ce ta dutse mai murɗewa. Na fara ƙirgawa, a hawa na biyu na daina, na koma salati. Na isa sama na biya kuɗin shiga, don tikitin yawon bai haɗa da gidajen tarihi ba, kuma wanda zai je ya sani ranar Litinin a rufe suke. Mai tsaron wurin ya bar ni na gama haki, sannan ya shaida mini cikin ladabi cewa masu bincike na ganin ainihin ɗakunan da Beethoven ya zauna su ne na maƙwabta.

Na jingina da taga. Sai a lokacin hankali ya dawo, na mayar da rediyon tasha ta 4. Nan take muryar dattijuwa ta cika kunnena, ras, kamar a gefena take. Na leƙa ƙasa, ga jar lema a gindin gidan. Ashe ba sa hawa, daga waje ake nunawa. Tana ba su labarin wasiƙar da ya rubuta wa ƙannensa biyu a ƙauyen Heiligenstadt ranar 6 ga Oktoba 1802, yana kukan yadda kurumta ta sa mutane ke ɗaukarsa mai girman kai, alhali kunya ce ke hana shi cewa a ɗaga murya ba ya ji. Ta ce mai son ganin wurin ya hau taram, wato jirgin ƙasan cikin gari, mai lamba 37 daga tashar Schottentor. Sai ta fara ƙirga mutane.

"Goma sha takwas, goma sha tara. Ina mutumin nan mai hula?"

Ina jinta, ba ta jina. Rediyon karɓa kawai take yi. Na ɗaga hannu ta bayan gilashi, na ɗaga hular ma, babu wanda ya kalli sama. Na riƙe takalmi a hannu na fara sauka da safa, taka ɗaya hutu ɗaya, ina ji a kunnena ana ban kwana, ana mayar wa kowa yuro 20 ɗinsa. Kafin in kai ƙofa titi ya zama wayam.

Washegari na mayar da rediyon, sanye da takalmin ƙwallon ɗan yayata, lamba biyu sama da tawa, da filasta huɗu. Dattijuwar ta ba ni kuɗina, ta nuna mini lambar wayar da ke bayan rediyon da farcenta, ba ta ce komai ba. Tunda na riga na fito, na ce sai na ga inda wannan mutum ya daina tashi. Ashe ko a nan ma ya canza gida: an fara binne shi a maƙabartar Währing, a 1888 aka kwashe shi zuwa babbar maƙabartar Zentralfriedhof. Taram mai lamba 71 ke zuwa, a sauka a ƙofa ta 2, kuma mai tikitin takarda ya tabbatar ya cusa shi a shuɗin akwati ya buga, in ba haka ba tarar ta haura yuro 100.

Na kira yaron na ce kada ya jira ni da abinci, na hau 71. Ya yi shiru, sai ya fashe da dariya.

"Kawu, kada ka faɗi haka a gaban 'yan gari. A nan idan an ce mutum ya hau 71, ana nufin ya riga mu gidan gaskiya."

Na sauka, na bi miƙaƙƙiyar hanya zuwa sashe na 32A inda aka tara makaɗa. Ga Beethoven a hagu, ga Schubert a dama. A tsakiyarsu kuma, a gaba, wani dogon dutse da mutane suka kewaye suna hoto, na nufe shi kai tsaye don na ɗauka shi ne. Na sa tabarau na karanta sunan. Mozart ne. Kuma ko gawarsa ba ta wurin, tana can wata maƙabarta, St. Marx.