Ba kowane hayaƙi ba ne segiman

Masu Hilux na Damagaram, yau da makanikanmu nake, kuma ba da faɗa ba.

Bara da hunturu motata ta fara shan baƙin mai. In na je Tanut na dawo, sai na ƙara lita guda, ga hayaƙi shuɗi-shuɗi yana bin ta. Na kai wani gareji. Maigidan ya taka totur sau 2, ya leƙa salansa, ya ce: "Alhaji, segiman ne, sai an sauke inji." Segiman dai su ne zoben fistan, da mutanen Kano ke kira ringi. Aka aika Kano sayen kaya, motar ta yi kwana 12 ciki a buɗe, ƙura na sauka kan silinda ina kallo. Aka haɗa, aka tayar. Hayaƙin nan yana nan daram. Ashe turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska, ce ke zubar da mai, da an cire tiyon iskarta tun farko da an gan shi jiƙe sharkaf.

Ba kuɗin ne suka fi yi mini ciwo ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ba a auna komai ba.

Kowane fistan zobe 3 gare shi. Biyu na sama su ke riƙe matsin iska, na ƙasa yana share mai daga jikin silinda. In sun cinye, mai ya hau sama ya ƙone, iskar kuma ta zurare ƙasa. Shi ya sa gwajin farko ko dala ba ya ci: a bar inji ya yi zafi, a buɗe murfin zuba mai yana aiki. In yana huci kamar tukunyar dambu, murfin na tsalle in an ɗora shi, to zargi ya yi ƙarfi. Irin wannan motar kan yi gardamar tashi da asuba, ta mutu murus a hawa in an yi mata lodi.

Amma a dubi lokacin hayaƙin. In shuɗi ne kuma da safe kaɗai yake fita, ya ɗauke bayan ɗan lokaci, robobin bawul sun fi kama da masu laifi. Baƙi ƙirin, gazuwal (dizal) ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari da ba ya yankewa, ruwan lagireto kuma na raguwa, a nemi gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa.

Sannan agogon auna matsi. Silinda 4 ne, a auna su ɗaya bayan ɗaya. In guda ta faɗi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, an san inda za a dosa. Ko nan ma bawul na iya jawo haka. A injin esans (fetur) akan ɗiga mai kaɗan cikin silindar a sake aunawa, in allura ta tashi, zobe ne. A na gazuwal kuwa a yi hattara da wannan dabara, man na iya kamawa da wuta. Gareji nawa ke da agogon nan a garinmu? Kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba.

Mu ma masu mota da namu. Rairayin hanyar Agadas da ƙurar hunturu su ke cin zoben nan kamar sandifefa, amma sai ka ga mutum yana buga matatar iska a jikin taya, ya busa ta, ya mayar, shekara 2 bai sauya ba. Tawa matatar da na ɗaga ta a rana bayan wannan wahala, huda 3 na ƙirga.