"Ai ya mutu namiji"

Jama'a, akwai wata magana da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai bari in fitar da ita. Ni mai son finafinan manyan 'yan ta'adda ne, irin waɗanda yaro zai taso ba shi da ko tsinke, ya kafe a kan sai ya mallaki gari ko ya mutu a hanya. Tun ina saurayi nake kallonsu, har gobe kuma suna burge ni. Amma idan ana kare irin waɗannan finafinai akwai hujjar da kowa ke saurin kawowa, wai ai a ƙarshe mugun yana mutuwa, saboda haka fim ɗin wa'azi ne. Ni kam na daina yarda da wannan hujjar.

Ƙanina ne ya sa na daina. Wata rana muka zauna tare muka kalli Scarface na 1983, wanda Al Pacino ya fito a matsayin Tony Montana, ɗan gudun hijirar Kuba da ya sauka a Mayami ya zama sarkin hodar ibilis. Fim ɗin ya kusa awa uku. A cikinsa uwar Tony ta ƙi karɓar kuɗinsa ta kore shi daga gidanta, ya harbe amininsa da hannunsa, ƙanwarsa ta mutu a gabansa, shi kuma aka harbe shi ta baya ya faɗa cikin ruwa. Fim yana ƙarewa sai yaron nan ya ɗauki rimot ya koma daidai wurin da Tony ya fito da ƙatuwar bindiga yana ruwan wuta. Sau uku yana maimaitawa, idonsa har ƙyalli yake yi. Na ce masa, "Kai, ba ka ga yadda ya ƙare ba ne?" Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Yaya, ai ya mutu namiji."

Maganar nan ta tsaya mini a wuya. Yaron bai kasa fahimtar fim ɗin ba, abin da aka nuna masa shi ya gani. An shafe fiye da awa biyu ana ƙawata masa mutumin, da tufafinsa da gidansa da yadda manya ke rawar jiki idan ya shigo, sannan ita kanta mutuwar aka yi mata kwalliya har ta fi rayuwar kyau. To wane wa'azi ne zai shiga kunne a nan?

Ita wannan mutuwar ta ƙarshe ma tana da tarihinta. Irin waɗannan finafinai sun samu gindin zama ne a Amurka lokacin da aka haramta sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933, haramcin da ya azurta 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Chikago. Jama'a na karanta labarinsu a jarida kullum, masu shirya fim suka ga kasuwa ta buɗe. Da surutu ya yi yawa, sai masana'antar ta kafa wa kanta dokar tace finafinai a 1930, aka soma aiki da ita gadan-gadan a 1934, kuma cikin sharuɗɗanta har da cewa kada a ja zuciyar mai kallo ta karkata ga mai laifi. Scarface na farko, na 1932, sai da aka yi ta kai ruwa rana da masu tacewa, aka liƙa masa rubutun Allah-wadai da 'yan ta'adda a farkonsa kafin ya fita. Wato gawar da ke kwance a ƙarshen fim, sau da yawa, haraji ne mai fim ya biya don a bar shi ya sayar da abin da ya san mutane suka zo saya. Dokar ta kau a 1968, amma al'adar ta zauna.

Ku duba kuma yadda na gaskiyar suke ƙarewa. Capone bai mutu da bindiga a hannu ba. A 1931 kotu ta ɗaure shi shekara 11 saboda ƙin biyan haraji, ya yi zama a kurkukun Alkataraz, aka sake shi a 1939 ciwon tunjere ya riga ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya rasu a 1947 yana da shekara 48, hankalinsa ya koma kamar na yaro. Pablo Escobar, sarkin hodar ibilis na Kolombiya, an harbe shi ne a kan rufin wani gida a Medelin ranar 2 ga Disamba 1993, yana gudu ba ko takalmi a ƙafarsa. Ba wanda zai ga wannan hoton ya ce yana sha'awa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da kyamara ba ta bi. A fim, idan ubangida ya ɗaga yatsa aka kashe mutum, sai a wuce zuwa wani ɗaki, an gama da shi ke nan. Ba mu ganin wanda zai je ya gaya wa matarsa, ba mu ganin yaransa bayan shekara biyar. A watan Nuwamba 1989 mutanen Escobar suka dasa bam a jirgin saman fasinja na Avianca, mutum 107 da ke ciki suka mutu, kowannensu da mai jiransa a gida. A Italiya, ranar 23 ga Mayu 1992, 'yan Mafiya suka tarwatsa babbar hanya kusa da Capaci a tsibirin Sisili, suka kashe alƙali Giovanni Falcone mai binciken laifukansu da matarsa da masu tsaronsa uku. Ba a cika wata biyu ba suka kashe abokin aikinsa Paolo Borsellino. Waɗannan mutanen sun san ana farautarsu, kuma kowace safiya suna tashi su tafi aiki. In ana neman namiji, ga maza nan. Amma hoton wa kuke gani a jikin rigunan samari? Har ta kai hukumomin Medelin sun rushe wani dogon ginin Escobar a 2019, saboda ya zama wurin da baƙi ke zuwa ɗaukar hoto, a garin da har yanzu akwai marayun da ya bari.

Su kansu 'yan ta'addan suna kallon finafinan nan, suna koyon tafiya da magana a ciki. A garin Casal di Principe da ke kudancin Italiya, wani jigo a ƙungiyar 'yan ta'adda ta Kamora ya sa an gina masa gida kwatankwacin na Tony Montana, kafin gwamnati ta ƙwace shi. Mutumin ya kalli fim ɗin har ƙarshe, ya ga gawar a cikin ruwa, kuma abin da ya ɗauka shi ne fasalin gidan.

Kada wani ya ce ina kiran a hana finafinan nan, ko kusa. Giyar mulki abu ne na gaske, kuma ya kamata a nuna ta, don duk wanda ya taɓa jin zafin raini ya san daɗin da ke cikin mafarkin ranar da za a tashi tsaye idan ya shigo. Abin da nake nema shi ne mai fim ya yi gaskiya wajen nuna abin da wannan ƙishirwa ke cinyewa, kuma akwai waɗanda suka yi.

Shi ya sa nake girmama The Godfather na Francis Ford Coppola, na 1972 da na biyunsa na 1974. Michael Corleone, ɗan wani ubangidan Mafiya da labarin ke kansa, bai fara da yunwa ba. Ya zo bikin ƙanwarsa sanye da kakin soja, yana gaya wa budurwarsa cewa shi ba irin danginsa ba ne. Abin da ya ja shi ciki ma son mahaifinsa ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, domin kowane mataki da ya ɗauka yana da uzurin da za ka iya gyaɗa masa kai. Yau don ya kare uba ne, gobe don ya kare iyali, jibi kuma iyalin ne ake yankawa don a kare kujerar. A ƙarshen na farko matarsa ta tambaye shi ko shi ya sa aka kashe mijin ƙanwarsa, ya dube ta cikin ido ya ce a'a. Tana tsaye daga waje tana hango mutane suna sumbatar hannunsa, wani ya zo a hankali ya rufe mata ƙofa.

Na biyun ya fi ciwo. Yayansa Fredo ya ci amanarsa, Michael ya yi haƙuri har sai da mahaifiyarsu ta rasu. A wurin makokinta ya rungume Fredo, Fredo ya ƙanƙame shi yana jin an yafe masa, shi kuwa Michael ya ɗaga ido ta saman kansa ya kalli yaronsa mai kisa. Kallo ɗaya, ba magana. Daga baya aka fita da Fredo kamun kifi a kwale-kwale, yana cikin addu'a aka harbe shi, Michael na tsaye a bayan gilashi. Ba wanda ya kashe Michael a wannan fim. Ya ci duk maƙiyansa da yaƙi, sannan muka bar shi zaune shi kaɗai a kan kujera a waje, ba mata, ba ɗan'uwa, ba mai ce masa sannu.

Makonni bayan wancan zaman na farko na sake kiran ƙanina muka kalli waɗannan biyun a jere. Da aka gama rimot na kusa da shi bai taɓa ba. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Yaya, shi Fredo ɗin nan uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ko?" Na ce masa eh.