Kwanciyar hankali ta yuro talatin

Tun da aka mayar da ni aikin dare a sito, barci ya ƙaurace mini. Wani abokin aikina Bafaranshe ya ce in sayi kalimba, ɗan abin kiɗa mai jerin ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu, wai da ita matarsa take sauke gajiya. Asabar ɗin da ta wuce sai na hau tudun Croix-Rousse a nan Liyon, unguwar masaƙan siliki ta dā, na shiga wani ɗan shago. Ƙararrawa a ƙofa, turaren tsinke na tashi, ga tasoshin tagulla da ake shafa wa sanda su yi ta kuka, ga ganguna a rataye waɗanda da gani ka san zufar makaɗi ba ta taɓa ɗiga a kansu ba. Kowa ƙasa-ƙasa yake magana kamar an zo gaisuwar mutuwa. Mai shagon dattijuwa ce, furfura an rage ta gajere, tabarau na lilo a wuya. Ina ambatar kalimba ta washe baki ta ce, "Kai ai ba sai an yi maka bayani ba, kayan gidanku ne."

Na yi dariyar yaƙe. Asalin abin mbira ce ta Shonawan Zimbabuwe, kuma daga Maraɗi zuwa Harare ya fi nisan Maraɗi zuwa shagonta. Tasu mai ƙarafa 22 zuwa 28 ce, kwana ake yi ana kaɗa ta don kiran ruhohin kakanni, kusan aikin da goge ke yi a wajen 'yan bori, har UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2020. Wani Bature ɗan Ingila, Hugh Tracey, wanda ya kafa ma'ajiyar kaɗe-kaɗen Afirka a Afirka ta Kudu a 1954, shi ya sauƙaƙa ta, ya ɗora ta a kan ma'aunin kiɗan Turawa, ya shiga sayarwa da sunan kalimba. Marafan kwalba da Shonawa ke maƙala mata don ta riƙa zuza, yawancin na shago babu su. Turawa ba sa son ƙazanta ko a sauti.

Amma duk wannan ba shi ya sosa ni ba. Matar ta yi rabin gaskiya. Ina ɗan shekara tara a unguwar Mokoyo ta Maraɗi na haɗa agidigo da gwangwanin kifi, guntun katako da wayoyin ƙafar keke da na bubbuge da dutse. Kwana uku ya yi a hannuna. Baba ya iske ni da shi a zaure, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Roƙo za ka yi?" Ya sa ƙafa ya take. Tun daga ranar ban sake taɓa abin kiɗa ba, ga ni yau wata baƙuwa na ce mini a jinina yake.

Ta baje mini su a kan tebur. Wadda ta cika kasuwa ita ce mai ƙarafa 17, yawanci ƙirar Sin, an zana lamba a kan kowane ƙarfe, tare da ɗan littafi da ɗan guduma na gyara sauti. Dogon ƙarfe mai babbar murya na tsakiya, sauran na gajarcewa dama da hagu, don haka babban yatsa sai ya yi ta tsallake-tsallake. Wannan lekol ce, wanda ya fito aiki ƙarfe shida na safe ba darasi yake nema ba. Akwai Sansula, wadda wani Bajamushe Peter Hokema ya ƙirƙiro a 2001, ƙarafa tara a kan fata kamar ta ganga. In ka ɗaga ta daga tebur ka mayar, sautin sai ya yi kamar yana numfashi. Ta yi daɗi, ba ƙarya, amma kuɗinta ya haura yuro ɗari, sama da jika 65 ke nan. Na ɗauki ƙarama mai ƙarafa takwas a kan allon katako marar rami, wadda aka ɗora a kan muryoyi biyar. Duk wanda ka taɓa ba ya karo da ɗan'uwansa, ba a yin kuskure a kanta. Kunnena ma nan take ya gane hanya, domin gurmi da garaya a kan irin waɗannan muryoyin suke tafiya. Marar ramin kuma ba ta da ƙara, abin da ya dace da gidan da maƙwabci ke buga bango in ka yi tari bayan ƙarfe goma na dare.

Zan ba su haƙƙinsu. A nan tsohuwa mai jikoki za ta sayi abin kiɗa don kanta, ba wanda zai tambayi asalin gidansu. A wurinmu kiɗa sana'ar wasu ce: mu yi musu liƙi ranar biki, mu yi tsalle in kalangu ya tashi a filin kokowa, sannan mu hana su 'ya'yanmu. Wannan ba adalci ba ne, na sani.

To amma me ya sa sai an saya? Ban taɓa jin wani a Maraɗi ya ce zai je kasuwa neman abin kwantar da hankali ba. In rai ya ɓaci, tabarma tana ƙofar gida, shayi na kan gawayi, kafin a kai ga na uku wani ya tsokane ka ka yi dariya. Ko wuta ta ɗauke, zafin watan Afrilu ya hana kowa barci, tare ake rashin barcin. Mutanen da suka rufe ƙofa, suka hana yaro kuka da dare, su ne yanzu suke sayar wa juna ɗan sautin da zai cike shirun. Ni ma da nake wannan surutun na miƙa yuro talatin, kusan jika ashirin, na kuma ce na gode.

Jiya da hantsi ina zaune a bakin gado ina taɓa ta, Yaya ya kira ta WhatsApp. Ina jiyo ɗan tallan ruwa a bayansa, da akuya, da muryar Inna tana yi wa wani faɗa. Ya ce, "Wai me nake ji haka kamar agidigo?" Na ce rediyon maƙwabta ne. Na tura ta ƙarƙashin matashin kai, na ce ya ba ni Inna mu gaisa.