An raba babura, amma wa zai ƙara wa wanda aka harba jini?

Tun da ’yan bindiga suka fara tsallakowa daga Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, maganar tsaro a Kano ta tsaya a kan motoci da babura da ƙarin sojoji. An raba, an ɗauki hoto, madalla. Amma yaron da aka tura daji, idan harsashi ya same shi a cinya da tsakar dare, a kan me za a fito da shi, kuma wa zai tarar a asibiti?

Da ka yi wannan tambaya sai a ce maka ai soja yana da asibitinsa. Amsa ce ta wanda bai taɓa bin hanyar Faruruwa, ƙauyen da ke Shanono, ba. Barikin Bukavu yana cikin birnin Kano, babban asibitin soja na 44 kuwa yana Kaduna. Daga bakin iyaka zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na ƙashi da ke Dala tafiya ce ta fiye da awa guda, alhali wanda babbar jijiyar jininsa ta tsinke yana iya cikawa cikin ’yan mintuna idan ba a ɗaure wurin ba. Kuma ba soja kaɗai ake harbi ba. Ɗan sa-kai da manomi da matar da aka tarar a tsakar gida ba su da katin bariki.

A 2009 sakataren tsaron Amurka, Robert Gates, ya ba da umarnin a kai sojan da ya ji mummunan rauni a Afganistan wurin tiyata cikin awa guda. Su sun dogara da jirage masu saukar ungulu. Mu da ba mu sa ran jirgi a kowane hari, babban asibitin Gwarzo ko na Bichi shi ne asibitin fagen dagarmu, ko an so ko an ƙi. Can ya kamata a tarar da jini a firji, da likitan tiyata mai kwana a wurin, da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Ai mun riga mun ga gwaji. A Oktoban 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu, aka yi ta rarraba waɗanda suka ƙone tsakanin Ringim da Haɗeja har zuwa Kano, saboda babu asibiti ɗaya a kusa da zai ɗauke su. Wannan dare guda ne, kuma babu mai harbi a kan hanya.

Masu cewa irin wannan magana mugun fata ce, sai su faɗa mana ko ajiye likkafani ne yake kawo mutuwa.

Doka ma akwai. Tun 2017 aka wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar ’yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba. Sai dai doka ba ta zuba wa motar ɗaukar marasa lafiya mai, ba ta kuma ajiye jaka guda ta jini. Birged ta 3 ta sojojin ƙasa da ke Kano da ma’aikatar lafiya su zauna su tsara wanda zai ɗauko da inda za a kai. A koya wa ’yan sa-kai ɗaurin tsayar da jini, aikin yini ɗaya ne. ’Yan majalisar da ke wakiltar Kano ta Arewa kuwa su duba kasafin kuɗi su nuna mana layin da aka ware wa wannan.