Amilas a ajin Danmak, tsiro a tukunyar kunun zaki

A wata makarantar firamare da ke gefen birnin Kopenhagen, ranar da aka gayyaci iyaye, malamar kimiyya ta jera wa yara kwalaben gilashi masu tsabta a kan dogon teburi, kowane yaro da farar riga da tabarau na kariya. Ta dama sitaci mai kauri ta raba shi gida uku: ɗaya ta bar shi haka, ɗaya ta zuba masa ruwan tsiron sha'ir, na uku kuma ta zuba masa ruwan tsiron da ta riga ta tafasa. Kafin a tashi, na biyun ya tsinke ya yi zaƙi, kuma da aka ɗiga masa aidin, maganin da ke baƙanta sitaci, bai koma baƙi-baƙi kamar sauran ba. Iyaye suka yi ta tafi, ni kuwa abin ya sosa mini rai, domin kunun zaki ne aka haɗa a gabana aka ba shi wani suna.

Abin da ke aiki a cikin tsiro shi ne inzayim mai suna amilas, furotin ne da ke yanka dogon zaren sitaci zuwa ƙananan sukari, yana hanzarta aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Kowane inzayim yana da siffar da ta dace da abu guda, kamar kwaɗo da mabuɗinsa, kuma zafin tafasa yana lalata siffar, shi ya sa tsiron da aka tafasa bai yi komai ba. Irin wannan amilas ne a cikin yawunmu. Masana biyu na Faransa, Payen da Persoz, sun fitar da shi daga tsiron sha'ir a 1833.

Duk matar da ta iya kunun zaki ta san wannan ƙa'ida da hannunta. Ba ta zuba ɗanyen ƙullu mai tsiro ko dankalin Hausa a cikin wanda ya dahu sai ya huce, sannan ta rufe shi ya kwana. Ta san cewa gaggawa tana kashe zaƙin. Haka mai nannaɗe nama da ganyen gwanda take amfani da inzayim mai suna papayin da ke cikin ganyen don naman ya yi laushi.

Gaskiya ne Turawan nan sun yi ƙoƙari. Tun 1874 wani ɗan Danmak mai suna Christian Hansen ya fara sayar da inzayim na yin cuku, kuma har yau Danmak tana cikin manyan masu sarrafa inzayim a duniya. Sun auna, sun rubuta, sun mayar da ilimin dukiya. Amma ba su fi iyayenmu mata lura ba, makarantarsu ce ta girmama madafa, tamu kuma ta raina ta. An sa mu haddace ma'anar inzayim da Turanci don jarrabawa, babu malamin da ya ce mu tambayi inna dalilin da ya sa take jira ƙullu ya huce.

Sakamakon a bayyane yake. Bayan Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt sun koma kan dawar da manoman Arewa ke nomawa, amma da yake tsiron dawa yana da ƙarancin wani nau'in amilas, sai ana cike gibin da inzayim da ake sayowa daga waje. A gidaje da yawa kuma an daina wahalar yin tsiro, ana zuba sukari kawai, yara suna tasowa ba su san ɗanɗanon kunun da ya kwana ba, tsofaffin da suka iya shi kuwa babu mai zama ya koya a wurinsu.